Karatun sasanta ma'aurata da gyaran zaman iyali: ina ake yin shi, kuma ta ina ɗan Guci zai bi?

Duk lokacin da muka taɓo batun zaman aure a shirye-shiryenmu, akwai tambayar da take dawowa daga wajen matasa, musamman waɗanda suka samu bak da waɗanda suke jami'a: wai shin sasanta miji da mata aiki ne da ake shiga makaranta a koya, har a samu diplom a ci abinci da shi? Wasu sun gani a waya cewa a Amurka akwai masu wannan sana'a, suna da ofis kamar na lokotoro, ana biyan su. Shi ya sa muka tattara abin da ya kamata a sani wuri guda, don wanda bai ji shirin ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya samu abin komawa.

Amsar a gajarce ita ce e, karatu ne, kuma mai tsawo. Sai dai a nan Nijar sana'ar ba ta kafu da sunanta ba. Aikin yana nan, ana yin shi kullum a zauren mai gari da gaban liman da kotu, amma an rarraba shi a hannun mutane da yawa. Wanda yake son ya yi shi da ilimin zamani sai ya bi ta wata ƙofa da take kusa da shi.

Mene ne ainihin aikin?

Ko sunan ma bai zauna a Hausa ba tukuna. Wasu na cewa mai ba ma'aurata shawara, wasu mai sasanta iyali. Mu a nan za mu riƙa cewa masanin zaman iyali.

Tushen ilimin shi ne, damuwar mutum guda a gida sau da yawa ba tashi ba ce shi kaɗai. Mu ɗauki misalin da kowa ya sani tsakanin Guci da Malawa da Dungas. Mai gida ya tafi ci-rani Najeriya ko Libiya. Ya bar matarshi a gidan iyayenshi. Kuɗin da yake aikowa hannun mahaifiyarshi suke faɗawa, matar sai ta roƙa kafin ta samu na sabulu. Ta fara rashin barci, ciwon kai kullum, an je likita an ba ta ƙwaya, ba sauƙi. Babban ɗanta kuma ya daina zuwa lakwal, an fara ganin shi da masu shan tramol. In aka kai yaron wajen malami za a ce ya lalace, in aka kai uwar za a ce ko iska ce. Masanin zaman iyali shi tambayarshi dabam: wa ke magana da wa a gidan nan, wa ke yanke shawara, yaushe ciwon ya fara, me ya canza a lokacin? Sai ya nemi ya zaunar da su tare, har da uwar mijin, har da mijin ta waya in da hali, a riƙa haɗuwa mako-mako ko wata-wata har a ga canji.

Ba alƙali ba ne, ba ya cewa wane ne da gaskiya. Ba ya ɗaura aure, ba ya raba shi. Ba ya rubuta magani. Kuma abin da aka faɗa mishi amana ce, ba ya kai wa waliyyi ko aboki, sai in ran wani yana cikin haɗari. Wannan na ƙarshe shi ne babban abin da ya bambanta shi da sulhun da muka saba, inda kafin a gama zama rabin unguwa ta ji labari.

Ilimin ya bunƙasa a Amurka ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarun 1950 wani likitan ƙwaƙwalwa, Murray Bowen, ya riƙa kwantar da maras lafiya tare da iyalinshi a asibiti don ya ga yadda suke zama. Virginia Satir da abokan aikinta a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya sun koyar da yadda ake zaunar da iyali gaba ɗaya. Salvador Minuchin, haifaffen Ajantina, ya yi aiki da yaran talakawa a birnin New York, daga baya a Filadelfiya, ya mai da hankali ga tsarin gida: wa ke sama, wa ke ƙasa, ina iyakar kowa.

Amma kada a ɗauka Afirka a baya take a wannan tunani. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali suke zama a ƙauyuka kusa da asibiti, kowane tare da ɗan'uwanshi da ke kula da shi. A asibitin Fann na Dakar ma, zamanin Henri Collomb, an riƙa shigar da dangi cikin jinya. Su sun gane tun lokacin cewa ɗan Afirka ba ya ciwo shi kaɗai, ba ya warkewa shi kaɗai.

Yadda ake karatun a inda sana'ar ta kafu

A Amurka sai mutum ya gama digiri na farko, shekara 4, sannan ya shiga mastar na wannan fanni, shekara 2 zuwa 3. A ciki ana karanta girman ɗan Adam daga yarinta zuwa tsufa, cututtukan ƙwaƙwalwa da yadda ake gane su, dabarun zama da ma'aurata, doka da ladubban aiki, da hanyar bincike. Amma zuciyar karatun ita ce sitaj: ɗalibi yana zama da iyalai na gaske, ɗaruruwan awoyi, malami yana kallo ta bayan gilashi ko ta bidiyo, bayan an tashi ya zauna da shi ya nuna mishi inda ya karkata, inda ya katse mace tana magana, inda ya ji tsoron mai gida.

Ko an gama mastar ba a buɗe ofis nan take. Sai an ƙara aiki ƙarƙashin wani gogagge, an ci jarrabawa, sannan hukumar jiha ta ba da lasisi. Kalifoniya, wadda ta fara ba da irin wannan lasisi a 1963, tana neman awa 3,000 na aiki ƙarƙashin kulawa. Sai a 2009 jiha ta ƙarshe cikin 50, Montana, ta kafa nata. Ƙungiyar masu sana'ar kuwa, AAMFT, tun 1942 aka kafa ta. In kun lissafa, daga bak zuwa lasisi shekara 8 ke nan ko fiye.

A Faransa, wadda tsarin karatunmu ya fi kama da nata, abin ya rabu biyu. Akwai mai ba da shawara kan aure da iyali, wanda ke yin horon awa 400 da sitaj, yawanci bayan ya riga ya zama ma'aikacin lafiya ko na jin daɗin jama'a. Akwai kuma masu jinyar iyali, galibi likitocin ƙwaƙwalwa da sikolog, da suke ƙara horo na shekaru a cibiyoyi bayan diplom ɗinsu. Sunan sikolog ɗin kanshi doka ta kare shi a can tun 1985, ba mai ɗaukarshi sai mai mastar.

Su wa ke wannan aiki a wajenmu yanzu?

Kafin matashi ya ce zai shigo da sabon ilimi, ya kamata ya san filin ba fanko ba ne.

Matakin farko dangi ne. Mace ta yi yaji, miji ya aika biko, waliyyai su zauna. Addini ma ya tsara wannan: aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a naɗa mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, idan aka ji tsoron ɓaraka. In abin ya fi ƙarfinsu sai a je wajen liman ko mai gari, daga nan fadar sarki. Dokar da ta tsara sarautar gargajiya ta ba sarakuna ikon sulhu a al'amuran al'ada, kuma in an daidaita ana rubuta takardar sulhu. Iko ne na sasantawa, ba na yanke hukunci ba. A birane kuma ofisoshin Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda aka kafa a 1974, suna karɓar ƙorafin aure da yawa.

Sama da su akwai kotu, kamar ta Magariya. A nan akwai abin da duk mai son wannan aiki dole ya sani: Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda. An yi yunƙuri a 1993, an sake yi a 2011, duka ba su wuce ba saboda adawar ƙungiyoyin addini. Don haka a batun aure, saki, riƙon 'ya'ya da gado, alƙali yana aiki da al'adar masu shari'ar ne, in ba ta ci karo da dokar ƙasa ba, kuma yana zama da masana al'ada da suke ba shi shawara, waɗanda yawancinsu malamai ne. Dokar tsarin shari'a ta 2018, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta bar wannan tsari. Shi ya sa abu guda zai iya samun amsa uku: abin da fiƙihun Malikiyya ya ce, abin da al'adar gari ta saba, da abin da dokar farar hula ta tanada. Riƙon 'ya'ya misali ne. A Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin reno har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, matuƙar sharuɗɗa sun cika. A aikace kuwa kun san yadda ake karɓe yaro da an yaye shi ko ya kai shekara bakwai. Mai ba da shawarar da bai san wannan bambanci ba zai sa mace ta yi asarar haƙƙin da take da shi.

Akwai kuma abin da jiharmu ta koya wa duniya, wato makarantar mazaje. An fara ta a jihar Damagaram a 2008 da taimakon hukumar UNFPA, kuma Bande na cikin garuruwan da aka fi ambata da ita. Ana zaɓen magidanta da aka yarda da halinsu, suna taruwa a kai a kai da ma'aikatan likita, suna tattauna awon ciki, haihuwa a asibiti da tazarar haihuwa, sannan su shiga gari su ja hankalin sauran maza. Daga baya wasu ƙasashen Afirka ta Yamma sun kwaikwaya. Ba jinyar iyali ba ce a ma'anar littafi, amma ta nuna cewa magidanci Bahaushe yana iya zama a yi maganar cikin gidanshi in an san yadda aka tunkare shi.

Ba za mu raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Dattijon da ya yi shekara 30 yana biko ya san abin da ba a rubuta a littafi ba. Amma mu faɗi gaskiya, sulhunmu yana da gurgun gefe. Kalmar da aka fi faɗa ita ce haƙuri, kuma kusan kullum mace ake faɗa wa. Ana auna nasara da cewa ta koma ɗakinta, ba mai komawa bayan wata biyu ya ga ko abin da ya fitar da ita ya gyaru. Sannan wasu matsalolin, irin na shimfiɗa, ko baƙin cikin da ke kama mace bayan haihuwa, ko shaye-shayen miji, ba a iya faɗarsu gaban mutum goma a zaure.

Hanyoyin da ɗalibi zai iya bi

Hanya mafi kusa da ainihin sana'ar ita ce sikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da sashenshi a tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam. Tsarin LMD ake bi: lisans shekara 3, mastar shekara 2, dokta shekara 3 ko fiye. Shawararmu ga mai wannan niyya, kada ya tsaya a lisans. A lisans ana karanta tushe ne, ba ta isa mutum ya zauna da iyalin da ke cikin tashin hankali ba. Ya nufi mastar ta ɓangaren jinya, kuma ya nemi sitaj a inda ake ganin marasa lafiya na gaske, kamar sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, wanda aka sani da Pavillon E. Wahalar a bayyane take: Yamai kusan kilomita 900 ce daga Damagaram, ga haya, ga abinci, ga jinkirin shekarar karatu. Mai neman burs hukumar ANAB ce ƙofarshi.

Ta biyu ita ce aikin jin daɗin jama'a, abin da muke kira asistan sosiyal. Makarantar ENSP Damouré Zika ta Yamai ta daɗe tana horar da su. Su ne ake samu a asibitoci da ofisoshin kula da mata da yara, suna shiga gidaje, suna rubuta rahoto ga alƙali in ana jayayya kan yaro. A ganinmu wannan ita ce hanyar da ta fi saurin kai mutum ga iyalai na gaske da kuma albashi, ko da yake zurfinta a ilimin ƙwaƙwalwa bai kai na sikoloji ba.

Wanda ba shi da halin Yamai, ga Jami'ar André Salifou a Damagaram, inda ake karanta sosiyoloji. Ba ta mai da mutum mai jinya, amma tana koya mishi yadda zai fahimci gida da gari, da yadda ake bincike. Ungozoma da ma'aikatan jinya su ma suna da tasu ƙofar. Ba wanda ke jin sirrin mata kamar ungozomar CSI. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin mhGAP tun 2008, wanda aka tsara don koya wa ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba yadda za su gane ciwon damuwa, farfaɗiya da shaye-shaye, su ba da taimakon farko, su san lokacin turawa gaba.

Ɗalibin arabiyya kuma kada ya ga kamar an bar shi a baya. Jami'ar Musulunci ta Say, da aka buɗe a 1986, tana da tsangayar shari'a. Wanda ya san babin nikahi da ɗalaƙi da kul'i da idda da ciyarwa, in ya ƙara da horon sauraro da sanin alamun ciwon ƙwaƙwalwa, a ƙasa irin tamu zai fi mai diplom ɗin Turai samun masu buɗe mishi ƙofa.

Sai Najeriya. Ga mutumin Guci, Kano ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna koyar da ilimin jagoranci da ba da shawara a tsangayar ilimi, har mastar da dokta. A 2022 Najeriya ta kafa dokar majalisar da ke rajistar masu wannan aiki. Abu biyu ne za a lura da su. Karatun da Turancin Ingilishi ne, kuma asalinshi don makarantu aka gina shi, wato jagorantar ɗalibai, batun aure wani ɓangare ne a ciki. Sannan in an dawo gida sai an nemi takardar daidaita diplom kafin a shiga konkur na gwamnati. Amfanin Kano shi ne fili: Hukumar Hisba, da aka kafa da doka a 2003, tana karɓar rigingimun aure na mutanen da harshensu da al'adarsu irin namu ne, kuma ɗalibi mai ido zai koyi abu da yawa a irin wannan wuri, na koyi da na gudu.

Abin da littafi bai tanada ba

Ko ina mutum ya yi karatun, zai tarar da littattafan an rubuta su ne kan gidan miji ɗaya, mata ɗaya, 'ya'ya biyu. Ya dawo Guci ya tarar da gida mai mata uku, 'ya'ya goma sha biyar, uwar miji, ƙannen miji da matansu, rumbu ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, na 2021 ya nuna 6.2. Rigimar rabon kwana, ta cefane, ta wa aka saya wa zane da salla, ta ɗan wace ɗaki aka sa lakwal aka bar na wace yana kiwo, duk sai ya yi tunaninsu da kanshi.

Akwai dabara guda da muke ganin za ta yi aiki a nan fiye da can ma. Ana zana taswirar dangi a takarda, zuriya uku: murabba'i namiji, da'ira mace, layi na nuna aure, a yanke layin in an rabu, a nuna inda ake shiri da inda ake gaba. Monica McGoldrick da Randy Gerson ne suka daidaita tsarinta a littafinsu na 1985. A wajenmu, inda auren zumunci ya yi yawa, irin wannan zane yakan fito da abin da baki bai faɗa ba. Sai ka ga rigimar miji da mata ashe gadon gonar da iyayensu suka yi jayayya a kai ce ta sake fitowa ta wata ƙofa. Kuma ba ya bukatar boko, a ƙasa ma ana iya zana shi da kara.

Sai kunya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta ɗaga ido gaban suruki, balle ta ce ga laifinshi. Saurayi ɗan shekara 26 da mastar ba zai zaunar da dattijo mai furfura ya tambaye shi sirrin ɗakinshi ba, in ma ba shi da aure abin ya ƙara nauyi. Shi ya sa muke ganin aikin nan yana bukatar mata sosai, kuma ya fi kyau a yi shi biyu-biyu, namiji da mace, a fara jin kowa shi kaɗai kafin a haɗa su. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni, su zauna a benci kusa da asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Wataƙila babban aikin mai mastar a gundumominmu ba buɗe ofis ba ne, horar da irin waɗannan iyaye da limamai da 'yan makarantar mazaje ne, ya riƙa bin aikinsu.

Inda sulhu yake tsayawa

Wannan shi ne darasin da ya fi kowane muhimmanci a horon, kuma shi ne wanda mai sulhun da bai yi karatu ba ya fi yin kuskure a kai. In akwai duka, ba a fara da haɗa miji da mata a zama guda. Matar ba za ta iya faɗin gaskiya a gabanshi ba, in ta faɗa kuma ita za ta biya da dare. Ana jin ta ita kaɗai, a tambaye ta kai-tsaye ko ya taɓa shaƙe ta, ko ya taɓa ɗaukar makami, ko ya yi barazanar kisa, ko ya doke ta da ciki. In amsar e ce, magana ta tashi daga gyaran aure ta koma tsaron rai: likita ya duba ta ya rubuta takarda, a san inda za ta kwana, a sanar da jandarma in ta kama. Dokar hukunta laifuka ta ƙasa ba ta cire miji daga laifin duka da rauni ba, kuma a Malikiyya mace tana da haƙƙin neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa.

Haka batun yarinya ƙarama. Alƙaluman 2012 sun nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kashi 28 kafin 15, kuma jihohin Maradi da Damagaram na cikin inda abin ya fi yawa. Yarinya 'yar shekara 14 da ke gudu daga ɗakin da aka kai ta ba da so ba, ba yaji take yi ba, kuma mayar da ita ba sulhu ba ne. Akwai dokar Disamba 2017 kan kare 'yan mata da ke makaranta, akwai alƙalin yara, akwai ofishin kare yara na gunduma. Haka in mutum ya fara maganar kashe kanshi, ko yana jin muryoyi, ko ya kwana uku ba barci yana surutai, wannan na likita ne, a kai shi Damagaram, kada a tsaya nasiha.

Kuma ba kowane aure ne ake ceto ba. Wani lokaci aikin masanin shi ne a rabu ba tare da an yi wa 'ya'ya illa ba: a rubuta sakin, a san idda, a san wa zai ciyar, a san ranar da uwa za ta ga ɗanta.

Za a ci abinci da shi?

Kada mu yaudari kowa. Manomin Guci da ke jiran kaka ba zai biya kuɗi don a saurari damuwarshi ba, alhali liman yana yi kyauta. Ofis mai zaman kanshi, in zai yiwu, sai a Yamai ko manyan birane. Ayyukan da ake samu su ne na gwamnati ta hanyar konkur, a asibitoci, gidajen kaso da ofisoshin mata da yara, sai na ƙungiyoyin agaji da ke neman masu tallafin ƙwaƙwalwa, musamman wajen 'yan gudun hijira a Diffa, Maradi da Tillaberi. Waɗannan kwangila ce, tana ƙarewa da ƙarewar kuɗin shirin. Da yawa daga masu wannan ilimi za su riƙa haɗa shi da wani aiki, koyarwa ko aikin likita.

Abu na ƙarshe da muke so a kula da shi shi ne takardun bogi. Yanzu a Facebook da WhatsApp ana tallar horon mako biyu ko wata guda, a biya ta waya, a turo maka satifiket cewa ka zama ƙwararren mai gyaran aure. Wasu ma da an gama sai a koma tallar maganin mata. Irin wannan takarda ba ta shiga konkur, kuma ba ta koya wa mutum abin da zai yi ranar da mace ta zo da kumburarren ido. Kafin uba ya sayar da ragonshi ko buhun riɗinshi ya biya wa ɗa kuɗin makaranta, a tambaya ko makarantar tana da izinin ma'aikatar da ke kula da ita, ko gwamnati ko hukumar CAMES ta amince da diplom ɗin, awa nawa ne sitaj kuma a wane asibiti ko ofis, sannan wane ne zai zauna ya duba aikin ɗalibi, kuma shi a ina ya yi nashi karatun. In makaranta mai zaman kanta ce, a nemi ganin lambar izinin a rubuce, a je da ita ofishin ilimi na jiha a Damagaram a tabbatar kafin a biya kashin farko.